Me yaranmu ke karantawa a aji? Amsoshin tambayoyin iyayen 'yan ƙaramar sakandare a Gombe

Tun da aka koma makaranta, yawancin saƙonnin da ke shigo mini daga iyayen 'yan ƙaramar sakandare suke. Wani waya zai saya, wani littattafai, wani malamin lesin yake nema, amma damuwarsu ɗaya ce: yaro ya fita da safe ya dawo bayan azahar, ba a san abin da ya karanta ba.

Tambaya: Malama, ɗana ya shiga aji ɗaya na ƙaramar sakandare bana. Makarantarsu ta buɗe zauren WhatsApp na iyaye, an ce a can za a riƙa sa duk wata sanarwa. Ni ƙaramar waya gare ni, boko kuma ban wuce firamare ba. Ƙarshen wata zan kwashi adashi. In sayi babbar waya da kuɗin? Daga wata uwa a Pantami.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya raya mana shi. Ki bar kuɗin adashin nan tukuna. Abin da ke damunki na gane shi. A firamare malami ɗaya ne ke riƙe da aji, kin san shi ya san ki. Yanzu ɗanki yana da darussa fiye da goma, kusan kowanne da malaminsa, ba ki ma san wanda za ki tara ba. Sai dai babbar waya ba za ta toshe wannan giɓin ba. Abin da aka fi sawa a irin wannan zauren shi ne ranar hutu, kuɗin PTA (ƙungiyar iyaye da malamai), ranar wasanni, sai gaisuwar Juma'a da iyaye ke ta turowa. Da wuya ki ga malamin lissafi ya rubuta abin da ya koyar a makon. Ga kuma data, wadda ta ƙara tsada tun da hukumar kula da sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kan kuɗin kira da na data a watan Janairun 2025. Ki ba da lambar ƙanenki ko ta wata maƙwabciya da ɗanta ke ajin, a sa ta a zauren, ta riƙa gaya miki. Taki lambar kuma ki kai wa fom-masta, wato malamin da ke kula da ajinsu, da kanki, ki ce in da wata magana a kan yaron a kira ki kai tsaye.

Abin da zai gaya miki gaskiya yana cikin jakar ɗanki. Ranar Alhamis da yamma, tunda babu Islamiyya, ki shimfiɗa tabarma ki ce ya juye littattafan rubutunsa duka. Ba sai kin iya Turanci ba. A saman shafi ana rubuta kwanan wata da lambobi, kin kuwa iya karanta lamba. Ki duba na ƙarshe a kowane littafi. In na kimiyya ya tsaya tun mako uku da suka wuce, ko dai malamin ba ya shiga, ko yaron ba ya zama a aji, ko kuma ba ya rubutu. Kowanne ne, ya isa ya sa ki yafa mayafi ki je makarantar. Ki nemi jan biro. Littafin lissafi da ya kai tsakiyar zango babu jan biro ko sau ɗaya, ba wanda ke duba aikin yaron. Ki lura da layukan da aka tsallake a tsakiyar rubutu, don sau da yawa alama ce cewa an goge allo kafin ya gama kwafa, ko kuma daga inda yake zaune ba ya gani sosai. Akwai yaran da ake ta yi wa faɗan lalaci, alhali asibitin ido ya kamata a kai su.

Daga nan ki ce masa, “Koya mini abin da aka yi muku, da Hausa.” In ya ce sun yi yadda abu ke zama daskararre ko ruwa-ruwa ko iska, ki nuna masa ƙanƙarar da ake sayarwa da tururin tukunyarki, ki ce ya yi bayani. In ya ce LCM suka yi, wato neman ƙaramar lambar da wasu lambobi za su iya rabawa ba saura, ki tambaye shi: mai kawo gawayi yana zuwa duk bayan kwana 4, mai kawo manja duk bayan kwana 6, yaushe za su sake haɗuwa a ƙofar gida? In ya ce bayan kwana 12, ya gane. In ya kama karanto miki Turancin da ya haddace ba tare da ya iya juya shi ba, kwafa kawai yake yi, kuma gara ki san haka tun yana aji ɗaya.

Tambaya: 'Yata tana aji biyu. An ba ta doguwar takardar littattafan da za a saya. Yayanta ya gama aji uku shekara uku da suka wuce, littattafansa suna nan a akwati. In ba ta nasa, ko dole sai sababbi? Daga wani ɗan kasuwa a Kumo.

Amsa: Alhaji, kafin ka ciro ko sisi, ka je makarantar ka nemi sikim na wannan zangon, wato takardar da ke nuna abin da za a koyar a kowane darasi mako-mako. Kowane malami yana aiki da ita, daga manhajar NERDC, hukumar da ke tsara manhajar karatu ta ƙasa, ake fitar da ita, kuma ba sirri ba ce. Ka nema da girmamawa a wurin mataimakin firinsifal mai kula da karatu, ka biya kuɗin fotokwafi. Da ita a hannunka, sai ku zauna da yarinyar ku buɗe shafin farko na kowane tsohon littafi inda aka jera babi-babi, ku gwada. Wanda ya yi daidai, a yi masa bango a ci gaba da shi.

Lissafi da Turanci ba su cika sauyawa sosai ba, na yayan zai iya yi. Inda za ka sa ido shi ne sauran. A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da sabuwar manhaja da ta rage yawan darussa, ta bai wa Tarihi da ilimin kwamfuta da koyon sana'a muhimmanci. Don haka ka tambaya a kan wacce manhaja ajin 'yarka yake, kada ka sayi littafin darasin da aka haɗe da wani ko aka sauya masa fasali. Littattafan adabi, na Turanci da na Hausa, su ne ba na son a yi aro. Dole yarinya ta mallaki nata ta karanta a gida, ba su kuma da tsada kamar manyan. Ka ƙara da ƙamus mai kyau ɗaya, zai kai ta har babbar sakandare, da gwangwanin kayan lissafi mai kamfas da rula.

In ka shiga kasuwa a Gombe, ka buɗe littafin a gaban mai shago. Na jabu sun yi yawa: takarda shara-shara, zane ya dushe har ba a gane lambobin jikin kusurwa, wani lokaci shafuka goma sun ɓace a tsakiya. Su kuma ƙananan littattafan nan na taƙaitawa da ake cewa sun tattara komai, ka bar su. Yarinyar da ke aji biyu karatu take buƙata, ba hadda ba.

Tambaya: Ɗan yayana marayan da nake riƙo yana aji uku. Ba na sanin komai sai ƙarshen zango in an kawo katin sakamako, kuma na bara bai yi kyau ba. In ɗauko masa malamin lesin, ko in mai da shi makarantar kuɗi? Daga wani magidanci a Bajoga.

Amsa: Malam, Allah ya saka maka da alheri a kan riƙon maraya. Ban ba ka shawarar sauya masa makaranta a aji uku ba. Shekarar BECE ce, wato jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, makinsa na gwaje-gwaje yana tsohuwar makarantar, ga rajista, ga sabon wuri da sababbin malamai da zai ɓata zango guda yana sabawa da su. Kuma biyan kuɗi ba shi ne ke sa a koyar ba; makarantun kuɗi akwai nagari, akwai waɗanda allon ƙofarsu ya fi ajinsu kyau.

Ka ɗauko katin ka bar kallon na nawa ya zo. Ka dubi ginshiƙan maki. Ana raba maki 100 ne tsakanin gwaje-gwajen cikin zango da jarrabawar ƙarshe, wasu makarantu 30 da 70, wasu 40 da 60. In ginshiƙin gwaji ne babu komai, yaron yana fashi ko ba ya miƙa aikin gida, wannan kuwa ba malamin lesin ke gyara shi ba, kai ne. In duk darussa sun faɗi tare, ka ba shi littafin Turancinsa ya karanta maka sakin layi ɗaya da ƙarfi, sannan ya gaya maka ma'anarsa. In ban da Hausa da Larabci da Faransanci, da Turanci ake yin jarrabawar komai, yaron da ba ya karatu da fahimta zai faɗi kimiyya ko da ya san amsar. In haka ne, malamin karatu za ka nema, ba mai koyar da darasi goma a awa ɗaya ba. In kuwa lissafi ne kaɗai, to ka ɗauki malamin lissafi, ka miƙa masa sikim ɗin makarantar, ka ce a kansa za a bi.

Kada ka sake jiran ƙarshen zango. A mako na biyar ko na shida ka je ka ga fom-masta, lokacin an yi gwajin farko kuma da sauran damar gyara. Ka tambaye shi wace BECE za su zauna, ta NECO ko ta ma'aikatar ilimi ta jiha, kafin ka sayi littafin tsofaffin tambayoyi, don kada ka sayo na wadda ba ita zai yi ba.

Tambaya: Ni malami ne a makarantar gwamnati, ajina ya cika maƙil. Ina son iyaye su san abin da muke yi, amma ba ni da kuɗin buga takarda ko sayen data. Daga wani fom-masta a Dukku.

Amsa: Malam, wannan niyya taka ta faranta mini rai. A makon farko na zango ka rubuta jerin darussan a allo da Hausa mai sauƙi, yara su kwafa a shafin farko na littafinsu, su kai gida uba ko uwa ta sa hannu ko ta dangwala. Wanda iyayensa ajami suka fi karantawa, ya rubuta musu da ajami. Ka roƙi shugaban PTA ko kwamitin SBMC, wato na mutanen gari masu kula da makarantar, su ba ka minti goma a taronsu, ka riƙe littafin rubutu guda ka nuna wa iyaye inda kwanan wata yake da inda jan biro yake. Waɗanda ba su dawo da sa hannu ba bayan mako biyu, ka ba mai unguwa ko limamin masallacinsu sunayen, su za su fi ka saurin isa gidajen.