Yadda ake auna halin ɗalibin injiniya

Ɗana, saƙonka ya iso, Allah ya yi maka albarka. Ka tambayi dalilin da ya sa masu sana'a a Panteka, kasuwar ƙere-ƙere ta Kaduna, suke barin yaro wata da watanni yana shara da aike kafin su miƙa masa guduma, da kuma ko wannan al'ada za ta amfane ka, tunda an ce ka ba ɗalibanka maki a kan riƙon amana, iya bayani da aiki tare.

Aiken nan jarrabawa ce. Oga zai ba yaro kuɗi ya sayo ƙusa ko fenti, alhali ya san farashin sarai, canji yake jira. Zai tura shi wurin mai kaya da magana uku, ya ga ko sun isa ba ƙari ba ragi. In abu ya karye a hannunsa, ana lura ko shi zai fara faɗa. Da yamma a ƙirga kayan aiki. Kuma ba a rana ɗaya ake yanke hukunci ba.

To kai ma haka. In ka ba su aikin rukuni, kada ya wuce mutum biyar, kuma kada ka ba su maki ɗaya, don ba a rasa ɗan rakiya. In ka ce su auna juna, kara za ta sa kowa ya ba abokinsa goma bisa goma. Saboda haka tambayi abin da ya faru: wa ya zo zama, wa ya ɗauki awo, wa ya rubuta rahoto. Sannan ka kira kowa shi kaɗai na minti biyar, ka tambaye shi ɓangaren da ba shi ya yi ba.

Littafin da ɗalibi ke rubuta ayyukansa a lokacin SIWES, shirin tura ɗalibai koyon aiki a masana'antu da hukumar horar da ma'aikata ta ITF ta fara a 1973, duba rubutunsa. In aikin wata huɗu ya zo da biro ɗaya, ba datti ba mai, a dare biyu aka cika shi.

Abin da ya fi damuna shi ne kunya. Yaron da ya sunkuyar da kai a gaban malami tarbiyya ya nuna, kada ka rage masa maki wai bai kalli idonka ba. Amma injiniya dole ya iya ce wa na gaba da shi, “Ranka ya daɗe, wannan rodi bai isa ba.” Ka ba su zanen gini da ka saka kuskure a ciki da gangan, ka ce naka ne, ka rubuta wanda ya gano, da wanda ya gano kuma ya faɗa maka cikin ladabi. Makinsu ba ɗaya ba ne.

Ka gaida mutanen gida.