Ina sunan cakulan Snickers ya samo asali?

Malama, kin tambaya ko Snickers sunan wanda ya ƙirƙiro cakulan ɗin ne. A'a, sunan doki ne.

Frank Mars, wanda ya kafa kamfanin Mars a Amurka, shi ya fitar da wannan cakulan a shekarar 1930. Iyalinsa masu son dawaki ne ƙwarai, har suka kafa gonar kiwonsu a jihar Tennessee, suka raɗa mata Milky Way, sunan wani cakulan nasu da ya riga shi fitowa a 1923. Cikin dawakinsu akwai wanda suka fi ƙauna mai suna Snickers, to shi aka yi wa takwara. Ni abin yana burge ni, domin duk wanda ya tashi gidan da ake ɗaure doki ya san irin shaƙuwar da ke tsakaninsa da mai shi.

Idan kin ji wani dattijon da ya zauna Ingila yana cewa Marathon, cakulan ɗin nan yake nufi, mai gyaɗa a ciki. Da wannan suna aka sayar da shi can har 1990.