Na ba yarona jari, masara ta karye: wa zai ɗauki asarar?

Barista, da kaka na ba yarona naira miliyan 12 ya sayi masara a Dawanau ya ajiye, a kan zai ɗauki sulusin riba. Farashi ya karye, ya dawo mini da miliyan 9. Ba mu rubuta komai ba. In na kai shi kotu zai cika mini kuɗina?

Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Abin da kuka ƙulla shi ne ƙirali a fiƙihun Malikiyya, wanda bankunan Musulunci ke kira mudaraba, kuma rashin takarda bai rushe shi ba. Sai dai hukuncin ba zai yi maka daɗi ba: faɗuwar kasuwa a kan mai jari take. Kai ka yi asarar kuɗi, shi ya yi asarar guminsa na watanni. Kashi biyun da za ka ɗauka da an ci riba, hakkin wannan kasadar ne. Ko da tun farko ka gindaya masa lamunin uwar kuɗi, sharaɗin ɓatacce ne.

Zai biya ne kawai idan ya yi sakaci, ko ha'inci, ko ya saɓa umarninka. Ya jibge buhuna a ɗaki mai yoyo har suka yi fumfuna? Ya bayar bashi ba da izininka ba? Ka ce ya sayar, ya ƙi? Wannan na ƙarshen nake so ka bincika sosai. Wanda ke da rabo a riba amma aljihunsa ba ya cikin asara, sau da yawa yakan riƙe kaya yana jiran tashin farashi, domin ba kuɗinsa ke narkewa ba. In kana da saƙon murya na WhatsApp ko shaidar dillali a kan haka, kana da hujja. In babu, alƙali zai karɓi maganarsa da rantsuwa, tunda amintacce ne a idon shari'a.

Kada ka kai shi wurin 'yan sanda, wannan rikicin ciniki ne. Fara da shugabannin kasuwa, a baje rasit da lissafin buhuna. In ta ƙi, akwai kotun sulhu ta Multi-Door a Kano, sannan kotun Shari'a.

In za ku ci gaba, ku rubuta rabon kowa da hana bayar da bashi. Ka kuma sani, riba tana fara cike asara kafin a raba ne idan jarin yana hannunsa tukuna; in ka riga ka karɓi miliyan taran ka sake ba shi, sabon ƙirali ne, ribarsa ba za ta cike miliyan ukun nan ba.