Tambaya da Amsa: Gwamnan zaɓe da gwamnan naɗi

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne a Tawa, ina yawan ƙetarawa daga Konni zuwa Illela. Can jama'a ke zaɓen gwamnan Sakkwato, namu kuwa daga Yamai ake naɗo shi. Ke nan kundin tsarin mulkin Najeriya ya fi na Nijar dimokuraɗiyya?

Amsa: Malam, abu biyu ka zuba a buhu ɗaya. Tsarin tarayya irin na Najeriya batu ne na inda iko ke zaune. Dimokuraɗiyyar kundi kuma ana auna ta da wanda ya amince da shi, da wanda ke iya taka wa shugaba birki.

A Najeriya kundin 1999 da kansa ya yanka ikon. Akwai jerin abubuwa 68 da aka keɓe wa gwamnatin tarayya tun farko, ciki har da soja, ƴan sanda, kwastan da ma'adinai. Akwai jeri na biyu da tarayya da jihohi 36 ke tarewa a kai, amma in dokokinsu suka ci karo, ta tarayya ke tsayawa. Abin da ba a lissafa ba na jihohi ne. Shi ya sa Abuja ba ta iya canza gwamna da takardar naɗi in ba a ƙarƙashin dokar ta-ɓaci ba, kuma gyaran kundin sai da amincewar majalisun jihohi 24.

Sai dai ka bi sawun kuɗin, nan ne gizo ke saƙa. A rabon asusun ƙasa tarayya na ɗaukar kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 774 su raba 20.60. Jihar da ba ta tara harajin kirki, kowane wata idonta na Abuja. Gwamnan da ka gani da jiniya ma, kwamishinan ƴan sandan jiharsa ba shi ya naɗa shi ba.

Nijar ƙasa ce mai gwamnati ɗaya. Majalisun jihohi da na birane, kafin a rusa su a 2024, doka ce ta ara masu iko, kuma wanda ya ba da aro yana iya karɓewa. A ganinmu nan ne raunin yake.

Ta fuskar amincewar jama'a kuwa, kundin Najeriya na 1999 gwamnatin soja ta Janar Abdulsalami ce ta zartar da shi, ba a kai shi gaban masu zaɓe ba. Namu na 2010, wanda aka dakatar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, sai da aka yi masa zaɓen raba gardama ranar 31 ga Oktoba 2010.

Amma akwati kaɗai ba ya wanke kundi. A 2009, lokacin Tazarce, Shugaba Tandja ya rusa majalisar dokoki a Mayu, ya rusa kotun tsarin mulki a Yuni bayan ta ƙi shirinsa, sannan ya kira zaɓen raba gardama ranar 4 ga Agusta. An kaɗa ƙuri'a, amma duk masu iya ce masa a'a an riga an kawar da su. Bayan haka kundin 2010 ya hana a taɓa ƙa'idar wa'adi biyu na shekara biyar-biyar.