Dankalin turawa a tukunyar lantarki mai dahuwa a hankali: me ke sa shi fitowa lami da ruwa?

Tambaya:

Assalamu alaikum. Ina da tukunyar lantarki irin wadda ake zuba abinci a rufe, ya riƙa dahuwa a hankali na tsawon sa'o'i. Ina son yin dankalin turawa mai kayan ƙamshi a cikinta, wanda za a ci da nama ko kifi. Nakan fere dankalin in yanka, in zuba ruwa kofi biyu, gishiri, kayan ƙamshi da ɗan lemon tsami, in sa ƙaramar wuta tun safe har yamma. Amma idan na buɗe sai in tarar ruwa ya taru a ƙasa, dankalin ya yi lami, wani ya dagargaje, wani kuma yana nan da ƙarfinsa. Na saman ma har launin toka yake yi. Tukunyar ce ba ta da kyau, ko ni ce ban iya ba?

Wata mai karatu

Amsa:

Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Ki kwantar da hankalinki, tukunyarki lafiya lau take. Abin da ya faru shi ne kin yi mata irin zubin da ake yi wa tukunyar kan murhu, alhali aikinsu ya sha bamban.

A kan murhu ruwa yana ƙonewa, tururi ya tashi ya tafi, shi ya sa ake zuba shi da yawa. Ita kuwa wannan, murfinta yana tare tururin, ya taru a jikinsa, ya sake ɗigowa cikin abincin. Kusan duk ruwan da kika zuba da safe za ki tarar da shi da yamma, har da ƙari, domin dankali kansa kimanin kashi 80 cikin 100 na nauyinsa ruwa ne, albasa ma tana sakin nata. Asalin tukunyar ma ya nuna haka. Wani Ba'amurke mai suna Irving Naxon ne ya sami takardar mallakar fasaharta a 1940, ya kuma sayar da ita a matsayin tukunyar dafa wake. Kamfanin Rival ya sayi kamfaninsa a 1970, ya fito da ita da sunan Crock-Pot a 1971. An ƙera ta ne don wake da nama mai tauri da miya, abubuwan da ke son su daɗe cikin ruwa. Dankali mai kayan ƙamshi ba ya son haka. Kofi biyun nan naki su ne suka wanke gishirin da kayan ƙamshin daga jikinsa suka kai su ƙasan tukunya, daɗin ya tafi cikin ruwan da kike zubarwa.

Don haka, ga dankali kilo ɗaya, rubu'in kofi na romo ya isa, wato kamar mililita 60. Idan akwai albasa da mai a ciki, ko ba ki sa ruwa sam ba zai dahu da tururin jikinsa. Na san da farko zuciya ba ta yarda da hakan, ana tsoron kada ya kama. Ba zai kama ba muddin kin shafe cikin tukunyar da mai kuma ba ki wuce lokaci ba.

Batun wani ya dagargaje wani ya ƙi nuna shi ne ya fi buƙatar bayani, don dalilansa sun fi ɗaya.

Abin da ke riƙe ƙwayoyin jikin dankali da juna wani sinadari ne mai kama da danƙo da ake kira fektin. Sitacin da ke cikin dankali yana fara kumbura tun zafi na wajen digiri 60 a ma'aunin Salsiyos, amma dankalin ba ya laushi sai fektin ɗin ya saki, shi kuwa sai zafi ya kusa kai wa tafasa. Tsami yana hana shi saki. Lemon tsamin da kike sawa tun farko shi ne babban wanda nake zargi. Haka ma tumatir da khal suke yi. Dankalin da ya sha tsami tun yana ɗanye zai iya shafe sa'o'i a wuta bayansa yana nan da tauri. Ki bar lemon tsami sai an sauke.

Sai kuma ƙaramar wutar. A yawancin waɗannan tukwane, ƙaramar wuta da babba duk suna kai abinci kusa da tafasa a ƙarshe. Bambancin shi ne tsawon lokacin da kowace ke ɗauka kafin ta kai can. To, akwai wani sinadari a cikin dankali da ke aiki sosai tsakanin digiri 50 zuwa 70, kuma aikinsa shi ne ƙara wa fektin ƙarfi. Idan dankali ya daɗe a wannan matakin zafi, sai ya daskare a haka, laushinsa ya yi wuya ko da zafin ya ƙaru daga baya. Masu sarrafa kayan lambu na gwangwani da gangan suke amfani da wannan dabarar don kayansu su riƙe siffarsu. A girkinki kuwa cikas ne. Shi ya sa ni a ganina babbar wuta ta fi dacewa da dankali: tana tsallake wannan matakin da sauri.

Wurin zama a cikin tukunyar ma yana da tasiri. Zafi yana fitowa daga ƙasa da gefe, don haka na can yana riga na sama da na tsakiya nuna. Ki cika tukunyar daga rabi zuwa kashi biyu bisa uku, ki kuma yi yanka daidai wa daida, kowanne kamar santimita 3 zuwa 4. Idan kin haɗa manya da ƙanana, kafin manyan su nuna ƙananan sun narke.

Irin dankalin ma abin lura ne. Akwai mai gari, wanda sitaci ya yi masa yawa, kamar irin da ake kira Russet. Wannan yana farfashewa idan ya daɗe a wuta. Akwai mai danƙo, irin ƙanana masu jan baya ko siririn ɓawo, wanda ke riƙe jikinsa. Yukon Gold, wanda aka samar a Kanada aka fitar da shi a 1980, yana tsakiya, kuma yana yin kyau a wannan girkin. Idan ba ki san sunan wanda ke hannunki ba, ki yanka ɗaya ki dubi wuƙar: wanda ya bar farin ruwa mai kauri a jikinta mai gari ne. Ki zaɓi mai danƙo, kuma kada ki gauraya iri biyu a tukunya ɗaya. Ɓawon ma idan siriri ne ki wanke shi tas ki bar shi, yana taimaka wa yankan ya tsaya.

Yanzu ga zancen ɗanɗano. Ƙamshin yawancin kayan ƙamshi a mai yake narkewa, ba a ruwa ba. Saboda haka mai shi ne zai ɗauki ƙamshin ya manna shi a jikin dankali. Ga kilo ɗaya, ki sa babban cokali uku na man zaitun ko bota a kasko, ki ɗan ɗumama shi, ki zuba garin tattasai ƙaramin cokali ɗaya, garin tafarnuwa ɗaya, masoro rabi, busasshen ganyen tayim ko rozmari ɗaya. Ki juya na rabin minti zuwa minti ɗaya, da zarar ƙamshi ya tashi ki sauke, kada ya ƙone ya yi ɗaci. Sai ki juye a kan dankalin a cikin babban kwano, ki sa gishiri ƙaramin cokali ɗaya da rabi, ki cakuɗa da hannu har kowane yanka ya shafu. A kwano ake wannan aikin, ba a cikin tukunyar ba, don a can na ƙasa ba ya samu. Kuma ki tsane dankalin da tsumma mai tsabta kafin mai ya taɓa shi, mai ba ya kama jiƙaƙƙen abu. Idan romonki yana da gishiri, ki rage na hannu.

Romon kuma ta gefen tukunya za ki zuba shi, ya gangara ƙasa. Idan kin kwara shi ta sama kin sake wanke abin da kika shafa.

Ɗanyen ganye kamar faski da lawashin albasa ba sa jure doguwar dahuwa, launinsu da ƙamshinsu duk suna mutuwa. Su da lemon tsami sai lokacin zubawa a faranti. Madara da kirim sukan tsinke idan sun daɗe a wuta, don haka idan kina son sa su, ko cuku, ki bari sai saura minti 20 zuwa 30. Ki ɗanɗana a ƙarshe ki gyara gishiri. Doguwar dahuwa tana kwantar da kaifin kayan ƙamshi, ɗan ƙari a ƙarshe yana farfaɗo da su.

A babbar wuta, irin wannan yankan yana nuna cikin sa'o'i biyu da rabi zuwa uku da rabi. A ƙaramar wuta, biyar zuwa shida. Tukwane sun bambanta, don haka a karon farko ki gwada da tsinin wuƙa idan ya kai sa'a biyu da rabi, ki soki na tsakiyar tukunya. Idan wuƙa ta shige ba turjiya, ya yi. Kafin wannan lokacin kada ki riƙa ɗaga murfi, kowace buɗewa tana fitar da zafin da tukunyar za ta daɗe kafin ta mayar. Juyawa sau ɗaya a tsakiyar dahuwa ta wadatar. Idan gumin murfi yana damunki, ki shimfiɗa tsumma mai tsabta a bakin tukunyar ki ɗora murfin a kai, ki naɗe gefunansa sama kada su taɓa jikin ƙarfen da ke zafi.

Tun safe har yamma ya yi wa yankakken dankali yawa. Idan dole sai kin wuni a waje, ki nemi ƙananan dankali ki sa su ɗungurungum da ɓawonsu, sun fi jure sa'o'i shida zuwa bakwai a ƙaramar wuta.

Akwai abin da wannan tukunyar ba za ta taɓa ba ki ba, gara ki sani tun yanzu: jan baya mai gardi irin na gashi. Wannan launin yana fitowa ne daga haɗuwar sukari da sinadaran furotin, abin da masanin Faransa Louis-Camille Maillard ya bayyana a 1912, kuma ba ya tafiya da sauri sai zafi ya kai wajen digiri 140 a busasshen wuri. Abincin da ke cikin tururi ba ya wuce digiri 100. Idan kina son gardin, ki kwashe dankalin da ya nuna ki baza shi a faranti, ki sa a obin mai zafin digiri 220 na minti 10 zuwa 15, ko ki ɗan soya shi sama-sama a kasko. Ni dai ina ganin wannan ɗan ƙarin aikin ya cancanci wahalarsa, musamman idan baƙi za a ba.

Launin tokar da kike gani iska ce ta taɓa yankakken dankalin da ke sama kafin zafi ya iso shi. Ba ya cutarwa, kuma shafa mai da babbar wuta suna maganinsa. Idan kin yanka da wuri, ki ajiye shi cikin ruwan sanyi har lokacin girki. Launin da ya kamata ki ji tsoro shi ne kore. Dankalin da ya yi kore ko ya yi tsiro yana tara guba mai suna solanin, kuma dahuwa ba ta kawar da ita. Ki yanke wurin da zurfi. Idan koren ya yi yawa ko dankalin yana ɗaci, ki zubar.

Ki kuma kula da abin da ya rage. Ƙwayoyin cuta suna yaɗuwa da sauri tsakanin digiri 5 zuwa 60, kuma tukunyar da aka kashe tana daɗewa a wannan ɗumin saboda kaurin kaskonta. Ki kwashe ragowar ki sa a firiji cikin sa'o'i biyu, a cinye cikin kwana uku zuwa huɗu. Ɗumame a kasko ko obin za ki yi shi har ya yi zafi sosai, ba a wannan tukunyar ba. Idan wuta ta ɗauke ba kya gida, ba ki san tsawon lokacin da abincin ya yi a haka ba, zubar da shi ya fi. Masu naɗe dankali a takardar alminiyam su sa a tukunyar kuma su warware shi da zarar ya nuna. A 1994, a birnin El Paso na jihar Texas a Amurka, mutum 30 suka kamu da cutar botulizim bayan cin abincin da aka haɗa da gasasshen dankalin da aka bari a naɗe, ba a firiji ba. Ƙwayar cutar tana zaune a cikin ƙasa, tana iya maƙalewa a ɓawon dankali, kuma wurin da ba iska take samun damar fitar da gubarta.

Idan kin rage ruwa, kin ɗage lemon tsami zuwa ƙarshe, kin koma babbar wuta, amma bayan sa'o'i huɗu dankalin bai nuna ba, to sai a duba tukunyar. Ki zuba mata ruwa zuwa kashi biyu bisa uku, ki rufe, ki bar ta a ƙaramar wuta sa'o'i takwas, sannan ki auna zafin ruwan nan take da ma'aunin zafin abinci. Ya kamata ya kai wajen digiri 85. Idan ya gaza haka sosai, tukunyar ta yi rauni, kuma bai kamata a ci gaba da dafa nama ko wani abinci a cikinta ba.