Tambayi Anti: Man Goge Kwalliya Na Haɗin Gida

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tunda bukukuwa suka kankama saƙonninku kusan duk a kan abu ɗaya suke, wato yadda za a raba fuska da kwalliya ba tare da an ɗaye fatar ba. Na ɗebo kaɗan daga ciki, sauran ku yi haƙuri sai wani satin.

TAMBAYA: Slm Anti, dan Allah ki taimaka min. Satin da ya wuce aka yi bikin yayata, mai kwalliya ta yi mana irin wadda ba ta jin ruwa ɗin nan, fandeshan da maskara da janbaki mai kamewa, da na dawo gida sai da na wanke fuskata sau huɗu da sabulun salo har da soso amma da safe na tashi ƙasan idona baƙi ƙirin, fuskar kuma sai raɗaɗi take kamar an shafa min barkono. Ƙawata ta ce wai mai ake sawa. Mai kuma? Ni dai ban gane ba, ya ake haɗa shi a gida?
Ƙanwar amarya, Gusau

AMSA: Wa alaikumussalam ƙanwata. Soso a fuska? Haba dai, ai fuska ba gindin tukunya ba ce. Ƙawarki gaskiya ta gaya miki. Irin wannan kwalliyar da kaki da mai da silikon ake haɗa ta, shi ya sa ruwa ke gangarewa a kanta kamar a kan ganyen gwaza, ko kogi kika shiga ba za ta fita ba. Ki duba makanike in hannunsa ya yi dumu-dumu da baƙin mai, ba ruwa yake fara nema ba, fetur yake ɗan zubawa ya murza tukuna, don maiƙo sai ɗan uwansa maiƙo ke narkar da shi. To dabarar kenan, sai dai mu man da fata ke so za mu sa, kar in ji wata ta ce Anti ta ce a sa fetur.

Abin ma ba sabo ba ne. Wani mai kwalliya ɗan Japan, Shu Uemura, wanda ya yi aiki da 'yan fim a Holiwud, shi ya fito da man wanke fuska na kwalba tun a shekarun 1960, daga baya 'yan Koriya ta Kudu suka yayata salon wanki biyu, a fara da mai a ƙarasa da sabulu, shi ne yanzu ya cika TikTok. Ni kuwa tun ina yarinya kakata in kwalli ya zazzago mana ɗan man kaɗe take lakata a yatsa ta share, ba ta san wata Koriya ba.

Ga haɗin. Ki samu ƙaramar kwalba mai duhu, ki wanke ta ki bar ta ta bushe ƙarau, ko ɗigon ruwa kar ya saura a ciki. Ki zuba man sanfulawa ko man riɗi cokali tara, man zurma cokali ɗaya, ki girgiza, shikenan fa. Man riɗin ki nemi wanda aka matse da ɗanyen riɗi ba soyayye ba, in ba haka ba za ki kwana kina ƙamshin kantu. Kuma riɗi ai namu ne, a Jigawa da Nasarawa da Binuwai ake noma shi ana loda shi a Dawanau ana fita da shi waje, sai kuma mu dawo muna sayen ƙaramar kwalbar waje da tsada, abin na ba ni mamaki wallahi. Shi man zurma shi ne mai kaurin nan mai yauƙi, yana kama datti sosai amma yana busar da fata, don haka kar ki zarce, in fatarki mai maiƙo ce ki sa cokali biyu na zurma a cikin cokali takwas na ɗaya man, in kuma busasshiya ce ko ana tsakiyar hunturu ki bar shi ma gaba ɗaya ba laifi.

In kina da hali akwai wani sinadari da masu sayar da kayan haɗa sabulu da man shafawa ke ajiyewa, sunansa polisobet 80, shi ne ke sa mai ya yarda ya gauraya da ruwa. Ki sa cokali ɗaya a cikin cokali tara na man, za ki ga da zarar ruwa ya taɓa fuskar sai ya koma fari kamar madara ya ɗauraye tas, irin na kanti sak. Ba dole ba ne, amma ni tunda na gwada shi ban koma ba, saboda ya raba ni da wankin tawul kullum.

Yadda ake yi kuma a nan mutane suka fi kuskure. Hannu a bushe, fuska a bushe, kar ki jiƙa. Ki tsiyaya kamar rabin ƙaramin cokalin shayi a tafin hannu, ki murza a fuska a hankali da kan yatsu kamar minti ɗaya, za ki ga fandeshan ɗin ya fara narkewa kin koma kamar dodo, to aiki yana kyau kenan. Wajen ido ki ɗiga a auduga ki ɗora a kan fatar idon a rufe ki ƙirga ashirin sannan ki share zuwa ƙasa, ba a dirzawa. Sai ki tsoma ƙaramin tawul mai laushi a ruwan ɗumi, ɗumi na ce ba tafasasshe ba, ki matse ki share man, sannan ki bi da sabulu mara ƙarfi sau ɗaya tak. Da daddare kawai ake yi. Tawul ɗin kuma a wanke a shanya a rana, kar a rataye shi a banɗaki gobe a sake ɗauka.

Raɗaɗin da kike ji kuwa, sabulun salo da toka ake yinsa, yana da kaifi, fatar mutum kuma ɗan tsami-tsami gare ta a halittarta, wanki huɗu a jere ya kwashe mata duk man da ke kare ta. Ki bar fuskar ta huta kwana uku, ruwa kawai da ɗan basilin ko man kaɗe, ban da dilka ban da kurkum har sai ta lafa.

TAMBAYA: Anti ni fuskata kullum cikin maiƙo take ga ƙuraje, na ga wata a intanet tana goge fuska da man kwakwa na gwada sati biyu, wlh goshina da haɓata duk sun feso. Yanzu ina da man zaitun a gida, in koma shi ne ko in haƙura da harkar man baki ɗaya?
Ɗaliba, Zariya

AMSA: Sannu 'yata. Man kwakwa yana cikin mayukan da suka fi toshe ƙofofin gashi a fuska, ga wasu lafiya lau, ga irinki kuwa sai abin da kika gani. Ki mayar da shi kan gashi da ƙafa. Kuma ina zargin ba kya bin sa da sabulu, sharewa kawai kike yi ki kwanta, to ragowar man da hodar da ya narkar duk a fuskar suke kwana.

Zancen zaitun sai na bi a hankali don na san darajarsa a wajenmu, ni ma ba na rabuwa da shi a gida. Amma a 2013 masu bincike a Jami'ar Sheffield ta Ingila sun sa mutane suna shafa man zaitun a hannu kullum na tsawon makonni, aka kwatanta da man sanfulawa, sai aka ga zaitun yana raunana saman fatar har da ɗan ja, shi kuwa sanfulawa bai yi hakan ba. Ga mai lafiyayyar fata da za ta murza minti ɗaya ta wanke, ba wani abin tashin hankali. Ga mai ƙuraje ko ƙyasbi ko amosanin da ke saukowa gira da gefen hanci, ban ba da shawara ba, domin ƙwayar da ke kawo amosani da ƙyasbi maiƙo ne abincinta, kin ga kin kai mata tuwo har ɗaki kenan. Masu ƙyasbi da amosani gara su ɗauki bebi oyil mara turare, ƙwayar ba ta iya cinsa, kuma yana cire maskara fiye da yadda ake zato.

Ke dai ki gwada sanfulawa zalla, ko man jojoba in aljihu zai ɗauka, ranar da kika yi kwalliya mai nauyi kawai. Ranar da ba ki shafa komai ba sabulunki ya ishe ki. Kafin ki kai shi fuska ki ɗan shafa a bayan kunne ki bari kwana biyu ki gani. In kuma ƙurajen manya ne masu ciwo masu barin tabo, wannan ya wuce kwalbar haɗin gida, likitan fata za ki gani.

TAMBAYA: Anti akwai bishiyar zurma a bayan gidanmu, zan iya daka 'ya'yan in fitar da man da kaina? Sannan man ƙuli fa, zai yi?
Maman 'yan biyu, Maraɗi

AMSA: A'a maman 'yan biyu, ki rufa min asiri. 'Ya'yan zurma akwai guba mai kisa a cikinsu, risin ake ce mata, a masana'anta tana zama a cikin tunkuzar ne kuma ana bi da zafi, man kanti shi ya sa ba ya cutarwa. Ke kuwa turmin da za ki daka a ciki shi ne na dakan yaji, ga yara biyu suna rarrafe a tsakar gida. Ki saya a kemis. Man ƙuli zai cire kwalliya kam in an matsu, amma yana da nauyi da ƙamshin suya, kuma wadda gyaɗa ke sa wa borin jini kar ta kusance shi.

TAMBAYA: Barka da aiki Anti. Na haɗa nawa da man riɗi, sai na ƙara ruwan wardi da ruwan alobera da lemun tsami don ya ƙara min haske, yau kwana goma na ga wani abu baƙi-baƙi yana yawo a ciki ga wani wari. In tace in ci gaba?
Wata baiwar Allah, Kumasi

AMSA: Ki zubar, har kwalbar ki tafasa ta ko ki jefar. Fumfuna ce wannan, kuma abin da ido bai gani ba a ciki ya fi wanda ya gani yawa. Mai zalla ƙwayoyin cuta ba sa samun wurin zama a cikinsa saboda babu ruwa, amma ranar da kika zuba wani abu mai ruwa, ko wardi ne ko alobera ko ma jiƙaƙƙen yatsa, kin buɗe musu ƙofa, ga garinku da zafi da laima. Na kamfani da kike gani ruwa da mai a kwalba ɗaya, akwai maganin hana lalacewa a ciki wanda aka auna. Wasu na cewa ai sun fasa kafso na bitamin E a ciki, to shi aikinsa ya jinkirta tsufan man ne kawai, ba ya kashe ƙwayar cuta ko ɗaya.

Lemun tsami kuma dan Allah ku bar shi a kunun aya da shayi. In ruwansa ya zauna a fata aka shiga rana yana iya ƙona wurin, ya bar baƙin tabon da zai yi watanni bai tafi ba, ana neman haske a ƙare da dabbare-dabbare. Man wanke fuska ba ya sa haske, datti kawai yake cirewa, duk wadda ta sayar miki da shi a kan zai mayar da ke fara to ki tambaye ta me ta zuba a ciki. Ki haɗa kaɗan wanda zai ƙare cikin wata biyu zuwa uku, ki ajiye a inuwa nesa da taga da murhu, in kin ji ya fara warin tsohon ƙuli-ƙuli ya gama aiki.

TAMBAYA: Anti jaririyata wata huɗu, kakarta kullum sai ta rangaɗa mata kwalli, zan iya goge mata da wannan man?
Uwar farko, Katsina

AMSA: Kar ki kai man zurma kusa da idon jaririya, auduga da ruwan ɗumi, ko ɗan basilin a gefen ido daga waje, sun isa. Amma ni kwallin ne ya fi damuna. Kwallin dutse mai ƙyalƙyalin nan yawancinsa dalma ce, a 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri a birnin Boston da aka samu dalma a jininsa, da aka bincika sai aka gano tozalin da aka kawo daga Najeriya ne, an auna shi kashi 82.6 cikin ɗari dalma. Mu nan ba sai an gaya mana illarta ba, mun ga abin da ya faru a Zamfara a 2010 inda yara sama da 400 suka rasu, duk da can daga haƙar zinare ta fito. Yaro yana murza ido ya kai hannu baki, kuma dalmar tana taɓa ƙwaƙwalwa a hankali ba tare da an ga alama ba. Na san gaya wa suruka ta daina abu ba wasa ba ne, kar ki tunkare ta da kanki, ki bi ta wajen maigidan, ko ranar awo ki tafi da ita ki sa ma'aikaciyar jinya ta yi bayanin a gabanta.

TAMBAYA: Ina da gashin ido na kanti wanda aka liƙa min, zan iya amfani da man?
'Yar gayu, Abuja

AMSA: Za ki iya, in kin gaji da gashin. Mai yana sassauta gam ɗin, kwana biyu za ki ga suna zubowa ɗaya bayan ɗaya a kan filo. In kina son kuɗinki su yi kwana, ki tsaya daga kumatu zuwa ƙasa, idon ki bi shi da auduga da ruwan goge kwalliya mara mai.