Amsa ga Hajiya kan bikin ƙarshen shekara a lise: su wa za a karrama, kuma da me?

Assalamu alaikum. Hajiya, na karanta tambayarki, inda kika ce an zaɓe ki cikin kwamitin ƙungiyar iyaye da malamai, wato APEE, a lisen garinku (makarantar sakandare a tsarinmu na Kamaru), kuma shugaban makaranta ya ɗora muku nauyin shirya bikin ƙarshen shekara. Kina neman sanin waɗanne ɗalibai ya kamata a karrama, da irin shagulgulan da suka dace da ranar, alhali abin da ke cikin asusun ƙungiyar bai taka kara ya karya ba. Na koyar a lise a Garwa da Marwa, daga baya na riƙe muƙamin sansar, mai kula da harkokin karatu, har zuwa lokacin da na yi ritaya, saboda haka zan gaya miki abin da idona ya gani. Ra'ayina shi ne a auna kowane shiri na wannan biki da tambaya guda: shin zai taimaka wa yaro ya dawo aji a watan Satumba? Duk abin da bai amsa wannan tambaya ba, ana iya rage shi ba tare da an yi asarar komai ba.

Abu na farko da yake kayar da kwamitoci shi ne zaɓen rana. Zango na uku gajere ne, kuma tun daga watan Mayu hankalin makaranta yake komawa kan jarrabawar gwamnati, wato BEPC ta ƙarshen matakin farko na sakandare, da furobatuwar ta ajin kusa da na ƙarshe, da bak ta kammala sakandare. Malamai suna tafiya sa ido a ɗakunan jarrabawa, daga nan su wuce gyaran takardu, wasu a wani gari dabam. Idan kuka ce sai sakamako ya fito a watan Yuli za ku yi biki, to, za ku tarar da farfajiyar makaranta babu kowa, domin damina ta sauka, yaran ƙauyuka sun koma taya iyayensu noman masara da gyaɗa da auduga, malaman da suka fito daga kudu kuma sun riga sun hau jirgin ƙasa a Ngawundare sun nufi gida hutu. Abin da na ga ya fi aiki shi ne a raba lamarin gida biyu. A yi babban bikin a ranar da ake raba takardun sakamakon zango na uku, tun da ranar ce kaɗai ake da tabbacin yara da iyayensu za su zo da ƙafafunsu. Waɗanda suka yi fice a jarrabawar gwamnati kuwa, a karrama su a farkon sabuwar shekara, a babban taron iyaye, inda ƙannensu da suka shigo ajin farko za su gan su. Ku guji Juma'a da Lahadi, domin lise ta kowa ce, Musulmi da Kirista, kuma ku fara da sassafe ku gama kafin azahar.

Batun waɗanda za a karrama shi ne zuciyar tambayarki, kuma a nan zan ɗan tsawaita. Al'adar da muka tarar ita ce a kira na ɗaya da na biyu da na uku a kowane aji, a miƙa musu littattafan rubutu, a tafa, a watse. Yabon gwani ya zama dole, ba na musun haka, amma duk wanda ya daɗe a makaranta ya san cewa fuskokin da suke hawa dandamali a ajin farko su ne dai suke hawa har ajin ƙarshe, sauran yaran kuma tun watan Disamba sun san ba su cikin lissafi. Ga yadda ake fitar da makin: ana yin gwaje-gwaje a kowane zango, ana ba da maki bisa 20, sannan kowane darasi yana da nauyinsa da ake ninka makin da shi kafin a fitar da matsakaicin maki. Wannan nauyin ne yake sa kwatanta yaran sashen C na kimiyya da na sashen A4 na adabi da harsuna ya zama zalunci, domin ɗan sashen C lissafi da fizik ne suke danne masa maki, kuma 13 ɗinsa na iya fin 15 ɗin wani wahalar samu. Saboda haka kada ku yarda a fitar da "gwanin makaranta" ta hanyar jera makin kowa a layi ɗaya. A kwatanta yaro da 'yan ajinsa da 'yan sashensa.

Kyautar da na fi ganin amfaninta ita ce ta wanda ya fi kowa ci gaba. Yaron da ya fara shekara da 7 ya gama da 11 ya yi aikin da sau da yawa ya fi na wanda ya tashi daga 15 zuwa 16, domin shi daga bakin kora ya janyo kansa zuwa wucewa aji na gaba. Irin wannan yaro bai taɓa jin an kira sunansa a lasifika ba sai don horo, kuma ranar da aka kira shi don yabo a gaban mahaifinsa, lissafin gidan nan game da makaranta yana canzawa. Fitar da sunayen ba shi da wuya: a ɗauki makin zango na farko a cire daga na zango na uku, aji bayan aji. Sai dai a sa sharaɗi cewa dole makin ƙarshe ya kai 10, don kada a karrama wanda bai wuce ba.

Bayan wannan akwai kyautar zuwa makaranta a kan kari. Sirbeyan janar, mai kula da ladabtar da ɗalibai, yana da rajistar awannin da kowane ɗalibi ya yi fashi, kuma a cikinta za ki sami yaran da suke tako daga ƙauye da ƙafa ko a kan keke, cikin sanyin hunturu da zafin Maris da Afrilu, lokacin da zafi a Garwa yake wuce digiri 40, amma ba a rubuta musu fashin awa ko ɗaya ba. Da yawansu ba sa cikin goman farko a aji, shi ya sa ba wanda yake lura da su.

Game da 'yan mata, an sha yin gardama da ni. Wasu malamai suna ganin ware musu kyauta ta daban raina su ne, tun da akwai 'yan matan da suke doke maza a aji ba tare da an ɗaga musu ƙafa ba. Na fahimci wannan magana, amma duk wanda ya kwatanta yawan 'yan mata a ajin farko da yawansu a ajin bak a yankinmu na arewa ya san inda gizo yake saƙar. Tsakanin ajin BEPC da ajin da ke biye da shi ne ake yawan rasa su, ko dai saboda aure ko saboda uba ya ga kuɗin ba za su ishi kowa ba ya zaɓi namiji. Ina goyon bayan a karrama yarinyar da ta fi kowa a lissafi da kimiyya a kowane mataki, kuma a gayyato mahaifiyarta ta tsaya kusa da ita. Ke mace ce a kwamitin, Hajiya, wannan magana za ta fi nauyi idan daga bakinki ta fito.

Nasarorin da ba na aji ba kuwa, ana mantawa da su ne saboda sun faru tun watanni baya. Yaran da suka wakilci makaranta a gasar wasannin makarantu ta FENASSCO, da waɗanda suka yi maci ranar matasa ta 11 ga Fabrairu da ranar ƙasa ta 20 ga Mayu, da waɗanda suka yi muhawara a makon harsuna biyu, wato Faransanci da Ingilishi, da 'yan ƙungiyar da suka dasa itatuwan darbejiya suka yi ta ba su ruwa har rani ya wuce, duk sun yi wa makarantar aiki. Malamin da ke kula da ƙungiyoyin ɗalibai da malaman motsa jiki su ne suke da sunayensu. Takardar yabo mai hatimin shugaban makaranta ta wadatar a nan, ba sai an kashe kuɗi ba.

Yanzu sai abin da za a bayar. Kada a miƙa wa yaro tsabar kuɗi a ambulan, domin kafin Satumba kuɗin sun shiga cefane ko sun zama katin waya, kuma ba zan zargi kowa a kan haka ba. A lisen gwamnati na ilimin gama-gari, kuɗin rajistar da doka ta ɗora sefa 7,500 ne a matakin farko, sefa 10,000 a mataki na biyu, ban da kuɗin APEE da na takardun jarrabawa. Idan ƙungiya ta ɗauki nauyin biyan rajistar yaro ta shekara mai zuwa, ta ba shi takardar alkawari a ranar biki, ta kawo masa rasidi a Satumba, to, ta ɗaure shi da makaranta da igiyar da ba ta tsinkewa da sauƙi. Bayan wannan sai littattafan ajin da zai shiga, ba na ajin da ya gama ba, kuma a tabbatar suna cikin jerin da ma'aikatar ilimin sakandare ta amince da shi. Ƙamus, da na'urar lissafi ga 'yan kimiyya, da yadin yunifom, da fitila mai aiki da hasken rana saboda ɗauke wutar da muke fama da ita, dukansu sun fi kofin ƙarfe da za a ajiye a kan kabad. Wani abu kuma da ba a cika tunawa da shi ba shi ne takardar haihuwa. Ba a karɓar takardun jarrabawa ba tare da ita ba, kuma na ga yara masu ƙoƙari da aka tarar da kuskure a sunansu ko ranar haihuwarsu ana gab da rufe rajista. Idan akwai ragowar kuɗi, taimaka wa irin waɗannan su gyara takardunsu tun da wuri ya fi ƙara rumfa guda.

Na ambaci rumfa da gangan, domin nan ne kuɗin biki suke zurarewa: hayar rumfuna da kujeru, da na'urar sauti, da abincin manyan baƙi. Na halarci wani biki inda aka kashe wa abincin baƙi fiye da abin da aka kashe wa kyaututtuka gaba ɗaya, aka kuma bar yara a rana suna jiran babban baƙon da bai iso ba sai da wasu suka fara jiri. Ku gayyaci sufurefe, wato babban jami'in gwamnati na gunduma, da lamiɗo da magajin gari a rubuce, da ladabin da ya kamace su, ku rubuta lokacin farawa, ku kuma nemi kowannensu ya ɗauki nauyin kyauta guda wadda zai miƙa da hannunsa. Haka za ku yi da tsofaffin ɗalibai da 'yan kasuwa, kuma ku roƙi kaya maimakon kuɗi, domin mai shagon littattafai ya fi saurin ba da katan ɗin littafin rubutu a kan ya zaro kuɗi daga aljihu. Duk abin da ya shigo a rubuta shi, ma'aji ya karanta lissafin a taron iyaye na gaba. Zargin cin kuɗi ya rusa kwamitoci masu kyakkyawar niyya da yawa.

Shagulgulan ranar ba sa bukatar dogon bayani. Wasan kwaikwayo gajere, da muhawara ɗaya, da waƙe, da wani ɗan gwaji da 'yan ƙungiyar kimiyya za su nuna, sun isa, a riƙa saka su tsakanin rabon kyaututtuka don kada mutane su gaji. Jawabai kada su wuce uku. Abin da nake so ki dage a kansa shi ne harshe. Yawancin iyayen da za su zauna a ƙarƙashin rumfar nan ba sa jin Faransanci, kuma na sha ganin uwa tana tafi ba ta san me aka ce ɗanta ya yi ba. A sa ɗalibai biyu su riƙa fassara cikin Fulatanci da Hausa, ko kuma harshen da ya fi yawa a garinku. Idan yara sun nemi kermes, wato shagalin wasanni da kiɗa da ciye-ciye, a bar su su yi, amma da rana, a cikin makaranta, da malamai da iyaye a bakin ƙofa, a kuma tashi kafin magariba. Ba sai na yi miki bayanin abin da taramol yake yi wa samarinmu ba, kuma taron dare a wajen makaranta da sunan makaranta ba abin da kwamiti zai sa hannu a kai ba ne.

Akwai kuma waɗanda ranar take zame musu ranar baƙin ciki, wato masu maimaita aji da waɗanda majalisar malaman aji ta yanke shawarar sallama. Kada a karanta sunayensu a bainar jama'a ko da wasa. A tanadi aji guda inda malamin ba da shawara zai zauna, iyaye su shiga ɗaya bayan ɗaya su ji abin da ya rage wa yaron, ko maimaitawa, ko komawa makarantar koyon sana'a. Shi wannan malamin ne kuma ya kamata ya yi wa 'yan ajin bak bayanin gasar shiga manyan makarantu da takardun da ake nema, musamman yanzu da jami'a ta matso kusa: ta Ngawundare tun 1993, ta Marwa tun 2008, ta Garwa kuma an kafa ta a 2022. Yaro da yawa yana cin bak sannan ya rasa gasar da yake so saboda bai ji labarin ranar rufe karɓar takardu ba.

Kafin ku sake zama, ki nemi ganin sansar da sirbeyan janar tare, ki roƙe su makin zango biyun farko da rajistar fashi, ku kuma rubuta ƙa'idojin kowace kyauta a manna a allon sanarwa tun kafin gwaji na ƙarshe, domin yara su san abin da ake nema, kuma kada wani uba ya zo daga baya ya ce an yi son kai. Sunayen ƙarshe malamai ne za su fitar da su, ba kwamiti ba, kuma duk ɗan kwamitin da ɗansa yake cikin waɗanda ake dubawa ya fita daga ɗakin har a gama. Allah Ya taimake ku, Ya yi wa yaran albarka.